Ni na hana su magana, ga shi shirun yana cina

Malam Ishiyaku, assalamu alaikum. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka sakaya sunana, ko da yake na san duk mutumin Gwaram da ya karanta wannan wasiƙa zai gane ni tun bai kai tsakiyarta ba.

Mutane suna ɗauka cewa wanda ya daɗe yana kwaso waɗanda suka yi hatsari zuciyarsa ta bushe, ba ya jin komai. Har yabona ake yi da haka. Ni ma shekara shida ina kallon kaina a haka. Sai yanzu na gane ashe ba bushewa ta yi ba, tarawa take yi, kuma ta cika.

Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Shekarata talatin da huɗu, ina da mata da 'ya'ya uku. Bayan aikin gwamnati, ni ne shugaban wata 'yar ƙungiyar sa kai, mu bakwai, da muke kai ɗauki idan an yi hatsari a hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, ko idan ruwa ya ci mutum da damina. Babu albashi. Muna da tsohuwar mota guda da wani bawan Allah ya ba mu sadaka, da gadon ɗaukar marar lafiya biyu, da akwatin bandeji da safar hannu, sai riguna masu ɗaukar ido. Lambar wayata ce rubuce a bangon tasha. Akwai dattawa uku da suke a matsayin kwamitinmu, su suke nemo mana man mota, su muke saurara wa.

Sai na koma baya kaɗan kafin ka fahimci inda na shiga. Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ne mai wankan gawa a unguwarmu a Kangire. Da na kai shekara ashirin ya fara shiga da ni ina zuba masa ruwa. Abu na farko da ya koya min shi ne, abin da idonka ya gani a wannan ɗaki, a nan za ka bar shi, amana ce, ko matarka ba ta da rabo a ciki. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya faɗi kalma ɗaya a kan jikin wani mamaci ba. Ban taɓa ganin mutum mai nutsuwa irinsa ba, kuma duk burina in zama kamarsa.

Da muka kafa ƙungiya sai na ɗauko wannan koyarwa na mayar da ita doka. Na ga yadda wasu suke yi a wurin hatsari, mutum yana kwance cikin jini su kuma suna ɗaga waya suna ɗaukar hoto, kafin a kai shi asibiti hoton ya zaga gari. Na ce mu ba za mu zama haka ba. Duk wanda ya ɗauki hoto ya bar ƙungiya. Duk wanda ya ba da labarin abin da ya gani, ko a majalisa, ko a gida, ko ma a tsakaninmu, ya ci amana. Idan mun gama aiki mu wanke mota, mu wanke hannu, mu yi Fatiha, kowa ya kama gabansa. Haka muke shekara shida.

Sannan akwai kai labari. Idan mutum ya rasu a hannunmu, dole wani ya je ya shaida wa iyalinsa kafin su ji a bakin titi. Na ga abin yana da nauyi, na ce ni ne babba, ni zan ɗauke wa sauran. Tun daga nan ni kaɗai nake zuwa. In hau babur ɗina, da rigar aikin a jikina saboda sauri, in tsaya a ƙofar gida in yi sallama da maigida. Ban san gida nawa na tsaya ba, na daina ƙirgawa.

Malam, yanzu a garin nan babur ɗina ba ya tsayawa a ƙofar gida a ce baƙo ya zo. Idan na je wurin mai shayi da safe, sai ka ji wani ya ce, “Likita, yau kuma gidan wa?” a yi dariya. Wani tsohon direba a tasha idan ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce, “Wuce, wuce, ɗan'uwa, mu nan lafiyarmu ƙalau!” Wasa suke yi, na sani, ni ma nakan yi dariyar. Amma na lura idan na shiga layi mata suna leƙowa ta zaure su ga inda zan tsaya, idan na wuce sai su koma.

Watanni huɗu da suka wuce na je Yalwan Damai gaishe da yayata, Yaya Kubura, wadda ita ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu. Maganin hawan jininta na kai mata. Daga wurin aiki na biya, ban tuna na cire rigar ba. Ashe da safen nan ɗanta ya hau mota zuwa Kano. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ɗago ta gan ni a tsakar gida, sai ta saki faifan ta dafe ƙirji ta sulale ƙasa. Ni da na je kai magani, na koma ina yayyafa mata ruwa ina rantse mata cewa ɗanta yana nan da ransa. Sai da na kira shi a waya ta ji muryarsa sannan ta yarda. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce in yi mata rai, nan gaba in riƙa bugo waya kafin in zo. Ban koma ba har yau. Taron suna da na biki ma na daina zuwa, sai in ba matata Batulu gudummawa ta kai.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar Yahuza.

Yahuza shi ne direbanmu. Ya girme ni da shekara takwas, 'ya'yansa shida, mutum ne mai barkwanci, shi yake sa mu dariya ko ana cikin wahala. Kwanakin baya, ranar kasuwa da hantsi, wata bas ta ƙwace ta faɗa ƙarƙashin wani kwalbati. Mata ne a ciki za su barka. Ba zan faɗi abin da muka tarar ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, cikin kayan da suka watse akwai wata kula cike da waina da za a kai wa mai jego. Yahuza ne ya ɗauke ta, murfin ya buɗe a hannunsa, wainar tana tururi. Mai ita kuwa ta riga ta cika.

Matar Yahuza waina take yi ta sayarwa, kullum da safe. Bayan kwana uku, muna wanke mota, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya ce, “Oga, wannan kular nan fa, wallahi tun ranar...” Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce masa, Yahuza, amana ce, ka manta da doka? Ya dube ni ya ce haka ne, Allah ya ba mu haƙuri. Ya ci gaba da goge gilashi. Daga baya na ji a bakin maƙwabcinsa cewa tun daga lokacin, da an ɗora tanda a gidansa yake ficewa, ba ya dawowa sai an sauke. Matarsa har ta kai ƙara wurin iyayenta, tana zaton wani laifi ta yi masa.

Mako biyu bayan haka muka ɗauko wani ɗan acaɓa da ya karye a cinya, jini yana zuba, za mu kai shi Birnin Kudu. Ina baya ina danne masa ciwon. Muna isowa wannan kwalbatin sai na ji mota ta tsaya. Na leƙa, na ga Yahuza riƙe da sitiyari, idonsa a buɗe, gumi yana zuba, ba ya motsi. Na kira shi, na daka masa tsawa, kamar da dutse nake magana. Sai da Abdulnasir, wani ɗan ƙungiyarmu mai gyaran babura, ya ɓamɓare yatsunsa daga sitiyarin ya ja motar, shi da bai ƙware ba. Mun yi asarar kusan minti goma. Allah ya sa ɗan acaɓan ya rayu, amma likitan da ya karɓe shi ya ce saura ƙiris.

Yanzu dattawan kwamiti sun ce a sallami Yahuza, ba za a sa ran mutane a hannun wanda yake sandarewa a kan titi ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce iska ce ta taɓa shi a wurin, a kai shi a yi masa ruƙiyya. Sun ba ni zuwa Juma'ar ƙarshen wata in kawo sunan wanda zai maye gurbinsa. Shi kuwa Yahuza bai kare kansa ba. Idan na gaishe shi sai ya amsa ya sunkuyar da kai. Ba ya barkwanci kuma.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, abin da ya same shi ni ma yana tare da ni. Barci ba ya ɗaukata sosai. Ƙarar wayata tana firgita ni, har na canza mata sauti sau uku, duk ɗaya. Warin fetur yana tayar min da zuciya. Kwanan nan ɗiyata ta yar da murfin tukunya, na yi mata tsawar da har yau idan na shigo sai ta ɓuya bayan uwarta. Batulu ta tambaye ni me yake damuna, na ce gajiya ce. Ko a sallah, ina tsaye sai in ga fuskokin mutane. Murja, ma'aikaciyar jinyar da take kula da mata idan mun fita, ta rame, ta ce min ulsa ce. Ban yarda ba, amma da wane baki zan tambaye ta, ni da na kafa dokar?

Na rasa inda zan sa kaina. Idan na sallami Yahuza, na hukunta shi a kan ciwon da ya zo zai nuna min na rufe masa baki. Idan na bar shi a kan sitiyari, wata rana wani zai mutu a bayan motar. Na yi tunanin ni in ajiye shugabancin, amma ni kaɗai ne na yi horon ba da agajin gaggawa, kuma damina ta ƙarato, ka san yadda rafukanmu suke idan sun kawo. Idan kuma na tara su na ce a yi magana, ina jin kamar na tone kabarin Babanmu na ce masa koyarwarsa ba daidai ba ce. Ba na iya zuwa gidan kowa, gidana ma na zama abin tsoro, ga aikin ba ya sakuwa. Malam, me zan kai wa dattawan nan ranar Juma'a?

Naka,
Mai amanar da ta yi masa nauyi, Gwaram

*

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma kafin komai ina so ka ji wannan daga bakin wanda bai taɓa hawa motarku ba: Allah ya saka muku da alheri, kai da mutum shidan nan. Akwai mutane da suke yawo a kasuwa yau saboda kun iso da wuri.

Babanku bai yi kuskure ba, kuma dokarka rabinta daidai ce. Hana ɗaukar hoto da hana tallar mamaci a majalisa abu ne da ya kamata kowace ƙungiya irin taku ta kwaikwaya. Kada ka taɓa wannan ɓangaren. Inda aka samu ruɗani, kuma ba kai kaɗai kake yin sa ba, shi ne ka haɗa abu biyu ka ɗaure su da igiya ɗaya. Abin da ka gani a jikin mamaci nasa ne, shi ne amanar. Abin da ganin ya yi wa zuciyarka kuwa naka ne. Ka sake duba maganar da Yahuza ya fara. Bai kama sunan matar ba, bai siffanta jikinta ba. Kula ya ambata. Da ka bar shi ya ƙarasa, abin da zai ce bai wuce ƙamshin waina ya hana shi zaman gidansa ba. Asirin wa ya tonu a nan? Idan zuciyarka ba ta kwanta da maganata ba, ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaye shi wannan mas'ala kai tsaye. Ina kyautata zaton zai kwance maka ita cikin minti biyar.

Ka kuma tuna aikin Babanku da naku ba ɗaya ba ne. Shi yana shiga ɗaki ne bayan komai ya lafa, a tsanake, da ruwa da likkafani a shirye, mafi yawa a kan dattijon da ya yi jinya ya cika a kan shimfiɗarsa. Idan ya fito akwai sallah, akwai rakiya, akwai zaman kwana uku da jama'a suke ta jajanta wa juna, shi ma yana cikinsu. Ku kuwa a guje kuke isa, cikin ihu, kuna ƙoƙarin riƙe ran da yake suɓucewa, kuma kafin ku huce an sake kira. Nutsuwar da ka gani a fuskarsa ba shiru kaɗai ne ya haife ta ba.

Abin da ya sami Yahuza a kan kwalbati sananne ne ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya ga tashin hankali mai tsanani, wani lokaci jikinsa yakan ƙi yarda cewa abin ya wuce. Sai wani wari, ko ƙara, ko wurin da abin ya faru ya mayar da shi can kamar yanzu ake yi, jiki ya sandare ba da son mai shi ba. Yana samun sojoji, da 'yan kwana-kwana, da ma'aikatan asibiti, jarumai daga cikinsu ma. Ba ragwanta ba ce, ba raunin imani ba ne, kuma ana samun sauƙinsa. Dattijon da ya kawo maganar ruƙiyya alheri yake nufi, kada ka yi jayayya da shi. A yi addu'a, a kuma je asibiti, kamar yadda kuka yi wa ɗan acaɓan nan: kun yi masa addu'a, amma ba ku fasa danne ciwon ba.

Yanzu maganar Juma'a. Dattawan suna da gaskiya a abu ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ba: Yahuza bai kamata ya tuƙa marar lafiya ba a halin da yake ciki. Ran wanda yake kwance a baya shi ne gaba da komai. Amma sauke mutum daga sitiyari daban, korarsa daban. Idan aka sallame shi, sauran biyar ɗin za su koyi darasi guda, cewa duk wanda ciwonsa ya fito fili ya tafi. Daga ranar Murja za ta ƙara riƙe ulsarta da kyau. Don haka abin da za ka kai musu shi ne sunan direban riƙo, na wata biyu ko uku, ba magaji ba. A tasha ba za a rasa direba mai hankali da zai karɓa saboda Allah ba. Yahuza ya zauna a ƙungiya da wani aikin, kula da lafiyar mota, ko shirya kayan aiki, har likita ya ce ya koma. Ranar da zai koma ɗin ma a fara da mota ba kowa a baya, wani yana gefensa.

Sai dai kafin ka je wurin dattawa, ka fara zuwa wurin Yahuza. Ya girme ka, kuma ka katse shi a lokacin da ya tattaro ƙarfin hali ya zo maka. Ka same shi inda ba jama'a, ba da rigar aiki ba, ka ce masa ka yi kuskure ranar nan, ya yafe maka, kana so ka ji ƙarshen maganar kular. Idan ya yi shiru kada ka matsa, ka zauna tare da shi. Sannan ka gaya masa naka, firgitar nan da warin fetur ɗin. Na san wannan ne ya fi yi maka wuya, kana ganin shugaba ba ya nuna rauni. Amma a yanzu Yahuza yana zaton shi kaɗai ne ya lalace a cikin mutum bakwai. Babu maganin da zai kai masa jin cewa Oga ma haka yake. Ka nemi izininsa a yi wa matarsa bayani, baiwar Allah tana can tana neman laifin da ba ta yi ba.

Daga nan ku tafi asibiti ku biyu. A babban asibitin da kuke kai majinyata, ka tambayi likitan da kuka saba da shi wa yake duba irin wannan matsala, ko ina ake turawa. Kati biyu za a yanka, nasa da naka. Kai ma'aikacin lafiya ne, ka san abin da za ka gaya wa wanda ya zo maka da rashin barci na watanni da firgita da saurin fushi. Kada ka rubuta wa kanka magani, kada ka nemi ƙwayar barci a kemis. Kuma idan kai, ko shi, ko wani cikinku ya fara jin gara ma ya mutu ya huta, wannan ba abin jiran Juma'a ba ne, a ranar za a je.

Maganar kai labari kuwa, niyyarka kyakkyawa ce, amma ka ɗauki kayan gari guda ka ɗora wa wuya ɗaya. Tun kafin a haife mu akwai masu wannan aiki: liman, da mai unguwa, da dattijon dangi. Su suka san wanda za a fara gaya wa a gida, da wanda za a zaunar kafin ya ji. Ka roƙi kwamitinku a wannan zaman su haɗa ku da masu unguwanni. Naku shi ne ku sanar da su, su kuma su shiga gidan. Idan ya zama dole wani daga ƙungiya ya raka su, a riƙa juyawa, kuma a bar rigar aiki a mota. Yaya Kubura kuma ba korarka ta yi ba. Hanya ta nuna maka: ka bugo, ka zo. To ka buga, ka je, ka tafi da Batulu da yaran, ku ci tuwo ku yi hira. Sai an riƙa ganinka a wurin suna da ɗaurin aure kafin idon mutane ya sake sabawa da kai a matsayin ɗan'uwa. Zai ɗauki lokaci. Masu tsokana a wurin mai shayi ma, idan ka ja ɗaya gefe ka ce masa wasan nan yana yi maka ciwo, za ka yi mamakin yadda kunya za ta kama shi.

Game da ajiye shugabanci, ba zan ce kada ka taɓa ajiyewa ba. Aikin sa kai ne, kuma wanda ya ba da shekara shida bai ci amanar kowa ba idan ya ce ya gaji. Amma kada ka yanke wannan hukunci a makon da ba ka barci. Matsalar ma ba shugabancin ba ce, kasancewarka kai kaɗai ce. Lamba ɗaya a bangon tasha, mai horo ɗaya, mai kai labari ɗaya. Ku sayi layi na ƙungiya da 'yar ƙaramar waya, ta riƙa kwana biyu a hannun wannan, kwana biyu a hannun wancan, ranar da ba taka ba ce kuma ka toshe kunnenka da gaske. Murja ma'aikaciyar jinya ce, ba ta rasa ilimin zama mataimakiyarka ba. Ka fara koya wa Abdulnasir da sauran abin da ka koyo, awa ɗaya a mako, kafin ruwa ya sauka. Bayan damina ka sake tambayar kanka ko kana son ci gaba. A lokacin amsar da za ka bayar, kowace ce, taka ce, ba ta gajiya ba.

Batulu ma ka daina ce mata gajiya ce. Ba sai ka ba ta labarin titi ba. Ka ce mata aikin nan ya taɓa ka, kana neman magani, ta yi haƙuri da kai. Ɗiyarka kuma ka durƙusa daidai tsawonta ka ba ta haƙuri. Yara suna da saurin yafiya idan babba ya sauko.

Saura abu ɗaya, kuma shi nake so ka gwada da kanka tun kafin ka gama yarda da ni. Fita ta gaba da za ku yi, idan an wanke mota an yi Fatiha, kada ka sallame su. Ka sa a kawo shayi, ku zauna minti goma sha biyar. Ka gaya musu sharaɗin: ba a kama sunan kowa, ba a siffanta jikin kowa, abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, kuma ba a tilasta wa kowa magana. Ba labarin hatsarin ake so a maimaita ba. Tambaya ɗaya ce, kowa ya faɗi abin da ya biyo shi daga wurin, ko wari ne, ko murya, ko tsoro, ko haushi. Kai za ka fara. Zama na farko wataƙila kai kaɗai za ka yi magana, sauran su yi ta kallon kofi. Kada ka karaya, ka sake a fita ta biyu, ka sake a ta uku.

Ku ma masu karatu, idan a gidanku ko unguwarku akwai mai irin wannan aiki, ma'aikaciyar jinya, ko ɗan kwana-kwana, ko mai shiga ruwa ya ciro mutane, ku gwada a makon nan. Kada ku tambaye shi mutum nawa suka mutu. Ku tambaye shi shi ya yake, sannan ku yi shiru ku jira amsar.

Allah ya ba Yahuza lafiya, ya ba ka, ya jiƙan Babanku, ya kai ku damina lafiya ya fitar da ku lafiya.

Malam Ishiyaku